Ramin da ke tsakiyar dashbod: yadda ake farfaɗo da Marsandi Pagoda da rediyonta na asali

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu idan sun karanta shi da idonsu.

Yau maganar tsohuwar mota za mu yi, amma ba ta ɓangaren inji za mu shiga ba. Za mu shiga ta wani ɗan akwati da ke zaune a tsakiyar dashbod, wanda mutane da yawa idan sun samu tsohuwar mota shi suke fara cirewa su jefar. Rediyo nake nufi. A Turai da Amurka akwai mutanen da za su gama gyaran mota tsaf, inji ya tashi, fenti yana ƙyalli, amma su ƙi cewa aiki ya kammala har sai sun samo rediyon da ya dace da shekarar motar. Wani zai yi wata da watanni yana nema. Tambayar ita ce, wannan son wahala ne kawai, ko akwai hankali a ciki? Ni dai ina ganin akwai hankali, kuma zan gaya muku dalili.

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki mota guda ɗaya mu bi ta daga farko har ƙarshe. Motar ita ce Mercedes-Benz SL ta shekarun 1960, wadda kamfanin ya ba lambar W113, duniya kuma ta san ta da laƙabin Pagoda.

An fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Janiba, a ƙasar Suwizalan, cikin watan Maris na 1963, da sunan 230 SL. Mota ce mai kujera biyu, mai buɗaɗɗen sama. Tana da rufin yadi da ake naɗewa, tana kuma da rufin ƙarfe da ake ɗorawa a cire. Wannan rufin ƙarfen ne ya jawo mata suna, domin tsakiyarsa ya ɗan lotsa, gefunansa sun ɗaga, sai mutane suka ce ya yi kama da rufin dogayen wuraren ibada na gabashin Asiya da ake kira pagoda. Bafaranshe Paul Bracq ne ya zana surarta, shi kuma Béla Barényi, injiniyan da ya shahara a kan kare lafiyar fasinja, yana da hannu a wannan rufi. A shekarar da ta fito, direba Eugen Böhringer ya ci gasar tseren Spa zuwa Sofia zuwa Liège da ita, don haka ba motar kwalliya ce kawai ba.

Iri uku aka yi. 230 SL ta fara, 250 SL ta biyo baya na ɗan lokaci, sannan 280 SL daga ƙarshen 1967 zuwa 1971. Ita 280 ɗin injinta silinda shida ne a jere, lita 2.8, ƙarfin doki 170, kuma ba kabureta take amfani da ita ba, famfon Bosch ne ke fesa mata mai. Gaba ɗaya an ƙera guda 48,912, kuma fiye da 19,000 daga ciki Amurka aka kai su. Ku riƙe wannan maganar ta Amurka, za ta dawo idan mun zo kan rediyo. A yau, mai kyau sosai a cikinsu tana haura dala 100,000 a wajen gwanjo.

To, wanda ya san aiki, idan aka kawo masa Pagoda, ba sifana yake fara ɗauka ba. Takarda yake fara nema. Kowace mota da ta fito daga masana'antar tana da katin bayanai, Jamusawa suna ce masa Datenkarte. A jikinsa akwai lambar shasi, lambar inji, lambar launin fenti, irin fatar kujera, da duk wani ƙari da mai saye ya biya aka sa masa. Katin haihuwar mota ke nan. Sashen tsofaffin motoci na Mercedes yana ajiye da waɗannan bayanai, kuma mai mota yana iya neman kwafin nasa idan ya nuna shaidar mallaka.

Lambar shasin ma tana magana. 113.042 na nufin 230 SL, 113.043 na nufin 250 SL, 113.044 kuma 280 SL. Lambobi biyu da ke biye suna gaya maka sitiyari da giya: 10 sitiyarin hagu giyar hannu, 12 sitiyarin hagu otomatik, 20 da 22 kuma na sitiyarin dama ne. A nan akwai abin da ya shafe mu. Nijeriya ba ta koma tuƙi a hannun dama ba sai ranar 2 ga Afrilu 1972, wato bayan an daina ƙera Pagoda. Saboda haka idan ka ci karo da wata tsohuwar Marsandi ta wancan zamani a garejin wani tsohon gida, ka ga sitiyarinta a dama, kada ka ɗauka aibi ne har ka kira makanike ya mayar da shi hagu. Tarihinta ke nan.

Bayan takarda sai jiki. Babban abokin gabar wannan mota shi ne tsatsa: ƙasan kujeru, ƙarƙashin ƙofofi, ƙasan but. Bonet da fatar ƙofofi da murfin but na alminiyom ne, ba sa tsatsa, amma gangar jikin ƙarfe ce. Masu saye da suka ƙware suna da alamomin da suke dubawa. Akwai wata 'yar tsaga ƙarama a jikin fenda, kusa da fitilar gaba ta ɓangaren ciki, wadda da ita motar ta fito. Akwai kuma ɗigon walda a jere a bakin fenda idan ka ɗaga bonet. Fanel bita da bai san motar ba zai ga waɗannan ya ɗauka lahani ne, ya shafe su da foti ya goge ya yi sumul. Shi a ganinsa ya gyara. Mai saye kuwa yana zuwa zai ce an taɓa wannan motar, farashi ya sauka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Kun ga darasin da ke fitowa tun kafin mu kai ga rediyo: a wannan sana'a, abin da ka bari yana da daraja kamar abin da ka gyara.

Yanzu mu shiga ciki mu zauna. Dashbod ɗin Pagoda ƙarfe ne, an yi masa fenti da launin jikin motar, da katako a samansa. A tsakiya akwai gurbin rediyo, a sama kuma sifika guda ɗaya tak, a ƙarƙashin wata ragar katako. Sifika ɗaya fa. Ba bas, ba wani ƙara mai girgiza gilashi.

Rediyon da aka fi sani da wannan gurbi na kamfanin Becker ne, wanda Max Egon Becker ya kafa a kudancin Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ba su ne suka fara rediyon mota ba. Motorola ta fito da nata a Amurka a 1930, Blaupunkt ta fito da nata a Jamus a 1932. Amma a 1953 Becker ya fito da samfurin Mexico, mai kama FM kuma mai neman tasha da kansa idan ka danna, abin da a lokacin ya zama abin kallo. Daga nan sunan Becker ya manne da Marsandi. A zamanin Pagoda sunaye uku za ka fi ji: Europa, Mexico da Grand Prix. Europa ita ce ta gama-gari, sauran biyun su ne na manya, masu neman tasha da kansu.

Abin lura shi ne, ba kowace Pagoda ce ta fito daga masana'anta da rediyo ba. A wancan lokaci rediyo ƙari ne mai tsada. Wani ya biya an sa masa tun daga masana'anta, sai ka ga lambarsa a katin bayanai. Wani dila ne ya sa masa bayan ya saya, wataƙila ma Blaupunkt. Wani kuwa bai sa ba sam, an rufe gurbin da faranti. Shi ya sa masu wannan harka suke raba abu gida biyu. Akwai na asali, wato ainihin rediyon da motar ta rayu da shi. Akwai kuma wanda ya dace da zamani, wato ba shi ne nata ba, amma irinsa ne, shekararsa ce, kuma na kasuwar da aka sayar da motar ne. Idan na farko ya ɓata, na biyu ake nema.

Ta yaya ake gane ya dace? Abu uku ake dubawa.

Na ɗaya, fuska. Rediyon farkon shekarun 1960 da na ƙarshensu ba kamarsu ɗaya ba. Na baya-bayan suna da baƙar fuska mai siraran layukan azurfa, maɓallan murɗawa ma sun canza. Ka sa fuskar 1971 a motar 1964, wanda ya sani yana leƙowa zai gane, kamar ka ga hoton bikin kakanka da wayar salula a hannunsa.

Na biyu, takarda ko hatimin da ke jikin akwatin. Akwai lambar samfuri da lambar siriyal, kuma masu tara waɗannan kaya sun san wace lamba ce ta wace shekara. Blaupunkt ma harafi take sawa a gaban lambar, kowane harafi da shekararsa. Don haka kada mai gogewa ya kankare maka wannan takarda da sunan tsafta.

Na uku, kuma wanda ya fi ba ni sha'awa, haruffan da ke kan maɓallan dannawa. Rediyon da aka yi wa kasuwar Amurka zango biyu ne da shi, AM da FM. Wanda aka yi wa Turai kuwa za ka ga L, M, K, U. Farkon kalmomin Jamusanci ne: L dogon zango, M matsakaicin zango, K gajeren zango, U kuma shi ne FM. Kun tuna na ce fiye da 19,000 Amurka aka kai? To motar da aka sayar a Kalifoniya ba ta da dalilin ɗaukar rediyo mai dogon zango, domin ba a watsa shiri a kansa a can. Rediyo yana faɗin inda mota ta yi rayuwarta.

Shi kuma wannan maɓalli na K, yawanci mita 49 yake kamawa, wato wajen kilohaz 5,900 zuwa 6,200. Duk wanda ya tashi a gidan da ake da rediyo a arewa ya san wannan lamba, ko da bai san ma'anarta ba. A kan wannan layin ne aka san Rediyon Kaduna, a kilohaz 6,090. Ka ga ashe akwatin da Bajamushe ya ƙera don jin tashoshin Turai, idan ya sauka a ƙasar Hausa, harshenmu zai yi magana.

Har ma'aunin FM ɗin yana ba da labari. Yawancin rediyon Turai na wancan zamani a 104 suke tsayawa, wasu tsofaffin ma a 100, saboda a lokacin ba a buɗe saman layin ga gidajen rediyo ba. Na Amurka su ne ke kaiwa 108. Don haka idan ka sa na Turai a Kano, Freedom a 99.5 za ta shigo, amma duk tashar da ke sama da 104 sai dai ka ji labarinta. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka yi shi.

To an samo rediyo. Saura ya yi magana. A nan ne ake yawan yin asara, kuma cikin minti ɗaya ake yin ta.

Abu na farko: kada a jona shi da batir kai tsaye don a ga ko yana yi. Akwatin da ya yi shekara 40 ko 50 a ajiye ba a tashinsa da ƙarfi. A fara duba bayansa ko gefensa. Da yawa daga cikin rediyon wancan zamani suna da wurin zaɓar bolt 6 ko 12, da wurin zaɓar wace waya ce ke zuwa jikin mota, mai alamar tarawa ko mai alamar ɗebewa. Dalili kuwa motocin ba su daidaita ba. Volkswagen Beetle bolt 6 take amfani da shi har tsakiyar shekarun 1960. Motocin Ingila da yawa, har da Jaguar E-Type ta farko, wayar tarawa ce ke manne da jikinsu. Pagoda bolt 12 ce, kuma wayar ɗebewa ce a jiki, kamar motocin yau. Idan rediyon daga wata motar Ingila aka ciro shi, ka jona ba ka duba ba, tiransistocinsa sun tafi. Kuma na jamaniyam ne, ba irin silikon da ke cike da kasuwa yanzu ba, samun madadinsu aiki ne.

Abu na biyu: kada a kunna shi ba sifika a jone. Sashen da ke fitar da sauti yana buƙatar nauyin da aka tsara masa, wajen om 4 zuwa 5. Haka kuma kada a haɗa masa sifiku barkatai don a ƙara ƙara. Wat kaɗan yake bayarwa, idan ka matsa masa zai ƙone.

Abu na uku: kafasita. Akwai wasu 'yan gwangwanaye a ciki masu ɗauke da wani ruwa-ruwa, kuma shekaru suna busar da shi. Idan sun bushe sai ka ji rediyo yana gurnani, ko sauti ya shaƙe, ko ya yi shiru. Waɗannan ana canza su, ba wanda zai ce ka ɓata asali, kamar yadda ba wanda zai zarge ka don ka canza taya ko bakin mai. Mai gyara na ƙwarai zai canza su, ya kunna akwatin a kan teburinsa da na'urar ba da wuta mai iyakance ƙarfi, yana kallon abin da yake ja, kafin ya kai shi kusa da mota.

Abu na huɗu: ƙarafan ciki. Waɗannan maɓallan dannawa ba kwamfuta ba ce ke tuna tasha, ƙarfe ne. Ka murɗa ka samu tashar da kake so, ka jawo maɓallin waje, ka mayar da shi ciki da ƙarfi, shi ke nan ya riƙe. Gobe kana dannawa zai tura allura daidai wurin. Giris ɗin da aka shafa wa waɗannan ƙarafa tun 1968 ya daskare ya zama kamar ƙaro. Ana wanke shi a hankali a sa sabo kaɗan. Wanda ya danna da ƙarfin tsiya zai karya abin da ba a sayarwa a shago.

Abu na biyar, kuma ina roƙon masu gyaran rediyo su ji wannan: akwai wasu ƙananan sukurori a cikin 'yan gwangwanaye masu kusurwa huɗu a kan allon. Ba su kwance ba, ba sa buƙatar ɗauri. Saiti ne da aka yi da na'urar awo. Ka murɗa su da ka, rediyo ya kurmance, kuma dawo da shi sai mai kayan aunawa. Garin neman gira a rasa ido.

Sukuru ɗaya ne aka yarda ka taɓa, shi ma sai bayan an ɗaura rediyo a mota: na daidaita eriya. Ka zaro eriya gaba ɗaya, ka nemo tasha mai rauni a matsakaicin zango, ka murɗa a hankali har sautin ya fi fitowa. Ita ma eriyar tana da nata asali, a Marsandin wancan zamani sunan Hirschmann za ka fi gani. Sannan idan ka tayar da inji ka ji wani ƙara yana hawa yana sauka tare da totur, ba laifin rediyo ba ne. Tartsatsin fulogi da janareton caji ne ke shiga. Motar ta fito da 'yan kayan da ke danne wannan ƙara, sau da yawa wani mai rewaya ne ya cire su shekarun baya saboda bai ga amfaninsu ba.

Na san abin da wasunku ke cewa yanzu. Malam, duk wannan wahala a kan sifika ɗaya? Ni da motata, da kuɗina, ba zan ji waƙar da nake so daga wayata ba?

Maganarka tana kan hanya, kuma ba ni da niyyar raina ta. Mota don a hau aka yi ta. Kuma su kansu Turawan matsalar ta same su ta wata fuska. Gidan rediyon Deutschlandfunk na Jamus ya rufe dogon zango a ƙarshen 2014, ya rufe matsakaicin zango a ƙarshen 2015. Norwe ta sauke manyan tashoshinta na ƙasa daga FM a 2017. Wato akwai wuraren da za ka gyara Becker ɗinka tsaf, ka danna maɓalli, ka ji iska kawai. Ta wannan ɓangaren mu nan mun fi su morewa, FM ɗinmu a cike yake.

Hanyoyi uku mutane ke bi. Wasu suna sayen sabon rediyo da aka yi masa fuskar tsoho. Daga nesa ya yi, daga kusa kyan ɗan maciji. Wasu suna ɗaukar tsohon, su kwashe kayan cikinsa su zubar, su cusa na zamani, a bar fuska kawai. Wannan ita ce hanyar da na fi ƙi, domin ba ta da komowa: an kashe abu an bar fatarsa. Hanya ta uku ita ce mai hankali, kuma su masu ƙera rediyon ne da kansu suka bar mana ƙofarta. A bayan da yawa daga cikin Becker da Blaupunkt na wancan zamani akwai wani zagayayyen soket mai ramuka, wanda aka yi don jona rikoda. Yawanci za ka same shi a toshe da wani ɗan murfi. Yau ana sayar da 'yar na'urar Bluetooth da ke shiga wannan soket daidai. Ka ɓoye ta a bayan dashbod, wayarka ta yi magana ta cikin rediyon 1969, ba a yanke waya ko ɗaya ba. Ranar da ka gaji, ka zare ta ka mayar da murfi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan ita ce ƙa'idar da duk aikin ya tsaya a kanta: kada ka yi wa tsohuwar mota abin da ba za a iya warwarewa ba. Ba ni na ƙirƙire ta ba. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana da wata yarjejeniya da ake kira ta Turin, wadda ta fara aiki a 2013, kuma ruhinta ke nan: a kiyaye abin da aka tarar, a rubuta abin da aka canza, canjin kuma ya zama mai komowa. A Jamus tun 1997 motar da ta kai shekara 30 tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe, da sauƙin haraji, amma da sharaɗin ta kasance a kamanninta na asali, ko da canjin da ya dace da zamaninta. A 2024 kuma, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950, motar da ta lashe babbar kyauta Bugatti ce ta 1934 da ba a sabunta ta ba, da tsohon fentinta da tabonta. Karo na farko ke nan da irin wannan mota ta ci. Kasuwar da kanta ta fara cewa tsufa na gaskiya ya fi ƙuruciyar jabu.

Yanzu ku dubi abin da ya faru da dashbod ɗin motoci da yawa. A 1984 aka amince da ma'auni ɗaya na rediyon mota a duniya, faɗin milimita 180, tsayin milimita 50. Kaset ya yi kasuwa, daga baya faifan CD ya zo. Mai tsohuwar mota ya sayo sabon rediyo, ya ga bai shiga tsohon gurbi ba, sai aka ɗauko zarto. Minti goma aka yi ana yankan. Yau wanda ya gaji wannan mota, idan yana son mayar da ita yadda take, sai an ciro dashbod, an yi waldar sabon ƙarfe, an goge, an nemo launin da ya dace an fesa. Shi kuma tsohon Becker ɗin da aka cire a lokacin, an jefa shi a kwandon shara, ga shi yanzu ana nemansa da kuɗi masu nauyi.

Na san yawancinmu ba za mu taɓa mallakar Pagoda ba. Amma a gidaje da yawa akwai wata mota da ke kwance a ƙarƙashin bishiya, tayoyi sun sace, kaji suna kwana a ƙasanta. Wata Fijo 504 ce, wataƙila ma haɗin Kaduna, domin tun 1975 aka fara haɗa su a can. Wata Beetle ce, wata tsohuwar Marsandi ce ta Alhaji. Ta haura shekara 30, wato a ma'aunin duniya ta shiga sahun motocin tarihi. Ranar da 'yan gwangwan suka zo suka auna ta da kilo, ba ƙarfe kaɗai aka sayar ba. A cikinta aka kai mahaifiyarka asibiti, a rediyonta aka ji sanarwar ganin wata, a rediyonta aka ji juyin mulki.

Idan kana da irin wannan a gida, ga abin da zan roƙe ka. Kafin kowa ya taɓa ta, ka ɗauki hotonta ciki da waje, har da bayan rediyo da yadda wayoyi suka shiga. Ka nemi takardunta, ko da rasit ne da ya yi ja. Duk abin da aka cire, ko kafasita ce da ta mutu, a sa a leda a rubuta suna a ajiye, kada a bari a wajen makanike. Kada ka yarda a yanka dashbod, kada a huda ƙofa don sifika. Idan rediyon ya riga ya ɓata, ka zaga wajen masu tsofaffin kayan mota, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tambaya, ka duba haruffan maɓalli da takardar jiki kafin ka biya. Sannan ka nemi dattijon mai gyaran rediyo, irin wanda ya koyi aiki tun kafin zuwan wayar salula, wanda ya san tiransisto da hannunsa. Suna nan a kasuwanninmu, amma suna ƙarewa, kuma yaran da ke koyon gyaran waya ba wannan aikin suke koya ba. Idan ka same shi, ka zauna kusa da shi ka ga yadda yake yi.

A nan za mu dakata. Wanda ke da tsohuwar mota a gida, ya leƙa ya gaya mana sunan da ke rubuce a fuskar rediyonta da haruffan da ke kan maɓallan, mu taya shi gano shekararsa. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin kiran 'yan gwangwan. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.